Alkawarin Kainji: Waiwaye a Kan Tarihin Ruwa da Wuta

Duk wanda ya tashi a biranen ƙasar nan ya san ihun da yara kan yi idan aka kawo wuta, ya kuma san tsakin da manya kan ja idan aka ɗauke ta. Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan hali, domin da yawanmu a ƙarƙashin ƙwan lantarki muka fara rubutu, amma da fitilar ƙwai muka ƙarasa. Sai dai duk da yawan ƙorafinmu a kan wuta, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi inda take fitowa, balle su tambayi waɗanda suka biya kuɗinta tun kafin a kawo mana takardar biya.

A wannan fitowa muna so mu waiwayi tarihin madatsar ruwa ta Kainji, wadda ita ce babbar tashar samar da lantarki daga ruwa ta farko a Nijeriya. Abin da muke son dubawa shi ne alkawuran da aka ɗaukar wa mutanen bakin kogi da kuma kogin kansa: wanne aka cika, wanne aka bari, kuma me ya sa. Abin da tarihin ya nuna mana shi ne, alkawarin da ake iya ginawa da bulo a ƙirga, an cika shi. Amma alkawarin da ke bukatar kulawa shekara da shekaru, ya daɗe bai sami mai riƙonsa ba.

Kogin kafin a datse shi

Kogin Kwara, wanda Turawa suke kira Neja, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya gogi iyakar Binin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ya gangara teku, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. A yankin Yawuri da Borgu, kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce farin ruwa, wanda kan zo da damina, ya kai ƙarshensa wajen Satumba da Oktoba. Ruwan saman ƙasashen kusa ne, ciki har da wanda gulbin Sakkwato da Rima suke kwasowa, kuma yakan zo gurɓace da laka, shi ya sa ya yi fari. Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ke isowa da hunturu. Shi kuwa ruwan daminar Gini ne da ya yi watanni yana hanya, ya tsaya a fadamun Masina na ƙasar Mali ya sauke lakarsa, ya iso nan a tace.

A kan wannan cika biyu mutanen yankin suka gina rayuwarsu. Akwai Gungawa, wato mutanen gungu ko tsibiri, waɗanda suke kiran kansu Reshe. Sun shahara da noman albasa na rani a gaɓar ruwa da tsibirai, suna ban-ruwa da hannu. Akwai Kambari manoman tudu, da Lopawa, da Shangawa, da Busawa masu sarautar Borgu, da Yawurawa, da Sarkawa masunta waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi, da Fulani masu kawo shanu fadama idan rani ya tsananta. Kowa ya san lokacin da ruwa ke zuwa da lokacin da yake janyewa, kuma da wannan sani ake shuka, ake su, ake kiwo.

A littattafan makaranta kuwa, abin da aka fi koya mana game da wannan wuri shi ne cewa a duwatsun ruwa na Busa ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, kuma daga Busa ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin a 1830 har suka gano inda yake faɗawa teku. Baƙin da suka wuce an rubuta sunayensu. Masu gida da suka shekara ɗaruruwa a wurin, sai dai a ambace su a dunƙule.

Yadda aka ƙulla aikin

Tun a shekarun 1950 aka fara binciken yadda za a ci moriyar kogin. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO da wani na Ingila mai suna Balfour Beatty su ne suka yi nazarin da ya kai ga zaɓen tsibirin Kainji, kimanin kilomita 100 a arewa da Jebba. A 1962 gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa Hukumar Madatsun Kogin Neja, aka kuma sa aikin ya zama ginshiƙin Shirin Raya Ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 a 1964, wasu ƙasashen Turai da Amurka suka ƙara nasu, kuma jimlar kuɗin aikin ta haura dala miliyan 200. Gamayyar kamfanonin Italiya da ake kira Impregilo ita ta karɓi kwangilar gini, aka fara aiki a 1964.

Ya kamata mu tuna irin zamanin da ake ciki. Ƙasashen Afirka sun fito daga mulkin mallaka suna ɗokin ci gaba, kuma a idon shugabannin lokacin babbar madatsa ita ce shaidar cewa ƙasa ta kama hanya. An gama Kariba a kogin Zambezi a ƙarshen shekarun 1950, Ghana ta gama Akosombo a 1965, Masar tana kan gina Aswan. Nijeriya ma ba ta so a bar ta a baya. Abubuwan da aka ce Kainji za ta kawo sun haɗa da wuta mai araha ga masana'antu da gidaje, da zirga-zirgar jiragen ruwa duk shekara, da yalwar kifi, da noman rani, da kuma shawo kan ambaliya.

Abin mamaki, juyin mulki biyu na 1966 da yaƙin basasa da ya ɓarke a 1967 ba su tsayar da aikin ba. A farkon Agusta 1968 aka rufe ƙofofin madatsar, farin ruwan wannan shekara ya cika tafkin cikin 'yan watanni, kuma a Fabrairu 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar.

Yadda aikin yake ba wani sihiri ba ne. Ana tare kogi da gini mai tsayi, a nan kimanin mita 65, ruwa ya taru a baya. Sai a sake shi ta manyan bututu ya faɗo da ƙarfi a kan farfela, farfela ta juya janareta, janareta ya haifar da lantarki. Ba a ƙona mai, ba a ƙona gawayi, ba hayaƙi. Amma fa ƙarfin wutar ya dogara ne da tsayin ruwan da yawansa, wato gwargwadon ƙasar da aka nutsar, gwargwadon wutar da za a samu. An tsara tashar da guraben injuna 12 masu ba da megawat 960, amma takwas aka kafa, masu megawat 760. Tafkin da ya samu ya kai kimanin kilomita 135 a tsawo, ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200. A cikin wannan fili akwai tsohon garin Busa, da mafi yawan tsibirin Foge, da gonakin albasa, da maƙabartu, da wuraren tsafi da masallatai.

Tashin mutane

Kimanin mutum 44,000 ne aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka 239, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 141. Da farko hukuma ta ɗauki hanyar biyan diyya da kuɗi, kowa ya je ya gina nasa. Aka gwada da wasu ƙauyuka, sai aka ga gini ba ya tafiya yadda ake so, ga kuma lokacin rufe madatsa yana ƙaratowa. Sai aka sauya shawara, hukuma ta ɗauki nauyin gina gidajen da kanta. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara su, kuma ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen kowace al'umma, da zaure da tsakar gida, har da ɗakuna masu kewaye inda aka saba da su. Aka gina Sabuwar Busa a kan tudu, da fadar sarki da masallaci da kasuwa.

Gaskiya ɗaya ce, idan aka gwada da abin da ya faru a wasu wurare, tashin Kainji ya zo da sauƙi. A Kariba an tashi 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000, har aka yi harbe-harbe. A Akosombo mutum kimanin 80,000 aka tasa, kuma shirin noman da aka tsara musu bai yi nasara ba. A Sudan, mutanen Wadi Halfa an kwashe su ɗaruruwan kilomitoci daga kogin da suka sani. A nan gida ma, shekaru goma sha biyu bayan Kainji, manoman Bakolori kusa da Talatar Mafara sun tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, kuma a Afrilu 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka. A Kainji ba a yi haka ba. Yawancin mutane an matsar da su 'yan kilomitoci ne kawai, sun zauna a ƙarƙashin sarakunansu, kusa da danginsu, kuma a lokacin akwai wadatar dajin da za a sare a yi gona.

To amma gida daban, rayuwa daban. Gidajen na bulon siminti ne da rufin asbestos, abin da daga baya duniya ta tabbatar yana cutar da huhu. Mazauna sun koka da zafin ɗakunan da ƙanƙantarsu. Ginin ƙasa da rufin ciyawa, mai gida da 'ya'yansa suna iya gyara shi ko su ƙara ɗaki idan an yi aure. Ginin siminti kuwa idan ya tsage sai an nemi kuɗi da magini. Babban abin da ya fi wannan shi ne ƙasa. A dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, ƙasa tana hannun hukuma ne, abin da ake biya diyya shi ne abin da mutum ya gina ko ya shuka a kanta. Saboda haka Bagunge da ya rasa gaɓar da kakanninsa suka gyara domin albasa, wadda kogi ke zuba mata sabuwar laka kowace shekara, ya sami ɗaki a madadin ɗaki, amma bai sami gaɓa a madadin gaɓa ba. Tudun da aka kai shi ƙasa ce ta gero da dawa.

Abin da tafkin ya kawo da abin da ya ɗauke

Ba za mu ce tafkin bai kawo alheri ba. A shekarun farko kifi ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya nutsar sun ruɓe sun zama abinci. A farkon shekarun 1970 abin da ake kamawa a shekara ya kai kimanin tan 28,000. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina, kasuwannin kifi irin na Yelwa suka bunƙasa. Amma wannan ɗoki bai daɗe ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga baya ya farfaɗo, sai kuma matsalar yawan masunta da taru mai ƙananan idanu, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi, ta taso. A shekarun 1990 sai da aka yi wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Jamus domin tsara kamun kifi a tafkin tare da sarakunan ruwa. A wannan lokaci ne kuma wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta gangaro ta riƙa toshe mashigai tana lalata taru.

Ta fuskar lafiya ma an samu an rasa. Baƙin ƙudan da ke jawo makanta a bakin kogi yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu a kan duwatsu, saboda haka nutsewar duwatsun ta rage shi a yankin tafkin. Amma ruwa mai kwanciya shi ne gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, da kuma sauro.

Kowace shekara ruwan tafkin yakan ja baya da kimanin mita goma kafin sabuwar cika, ya bar fili mai dausayi. Manoma da makiyaya suka gano amfanin wannan fili da kansu, kuma da injunan ban-ruwa na fetur suka yawaita, Gungawa da maƙwabtansu suka koma ga albasa da sauran kayan lambu. Masu binciken da suka koma yankin bayan shekaru ashirin sun tarar mutane sun miƙe. Sai dai mu lura da kyau: yawancin wannan miƙewa dabarar mutanen ce, ba tsarin hukuma ba. Babban noman ranin da aka yi alkawari bai zo yadda aka faɗa ba. Ƙofar da aka gina domin wucewar jiragen ruwa ta zauna kusan ba aiki. Jiragen da suka rage su ne na katako, waɗanda suka zama dole ga mutanen da tafki ya raba da kasuwanninsu da danginsu. Lodi fiye da ƙima, da tsufan jirage, da kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa, sun sha jawo haɗari. A Mayu 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu.

Ta ɓangaren kula da muhalli, an yi wasu abubuwa da suka dawwama. A 1968 aka kafa shirin binciken tafkin da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa. A ƙarshen shekarun 1970 aka haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma aka yi gandun namun daji na ƙasa na farko a Nijeriya. Kafin ruwa ya taso kuma masu haƙar kayan tarihi sun yi gaggawar tono wasu kufai, inda a kusa da Yelwa suka sami ƙere-ƙeren yumɓu da suka haura shekara dubu. Abin da ba su kai gare shi ba yana ƙarƙashin ruwa har gobe.

Waɗanda ba a ƙirga ba

Mutum 44,000 da muka ambata su ne waɗanda ruwa ya ci gidajensu. Akwai wasu da suka fi su yawa waɗanda ba su shiga lissafi ba, domin gidajensu suna nan, kogin ne ya sauya musu hali. Su ne mutanen ƙasan madatsa, musamman Nufawa manoman shinkafa da masunta, daga Jebba zuwa wajen Lakwaja.

Dalilin a fili yake. Mai tashar lantarki yana son ruwa ya riƙa fita daidai wa daida duk shekara. Manomin fadama da masunci kuwa suna son ruwa ya hau a lokacinsa ya sauka a lokacinsa, domin hawan ne ke shayar da fadama, ya zuba mata laka, ya ba kifi wurin yin ƙwai. Da aka tare farin ruwa domin cika tafki, fadamu da yawa suka daina samun ruwa kamar da, kuma binciken da aka yi a shekarun farko ya nuna kamun kifi ya ragu ƙwarai a ƙasan madatsa. Ba wanda ya biya diyyar wannan, domin ba wanda ya yi alkawarinta tun farko.

Sa'an nan ga ɗaya gefen. Da mutane suka ga ruwa ya daina hawa, sai suka matsa kusa da kogi da gonaki da gidaje. A 1985 aka gama madatsar Jebba mai megawat 578, a 1990 aka gama ta Shiroro a kan kogin Kaduna mai megawat 600. A shekarar da damina ta yi ƙarfi tafkuna suka cika maƙil, dole a buɗe ƙofofi don kada gini ya karye. Haka ta faru a ƙarshen shekarun 1990, inda ruwan da aka saki ya mamaye ƙauyuka masu yawa a jihohin Neja da Kwara, mutane suka yi ta kukan cewa ba a gargaɗe su da wuri ba. A da, dattijon ƙauye yana duban sama da launin ruwa ya san abin da ke tafe. Yanzu hawan kogi ya koma hannun wani ma'aikaci a ofis, wanda manomi bai san shi ba, bai kuma san ranar da zai murɗa ba.

Ina wutar ta tafi?

A 1972 aka haɗa Hukumar Madatsun Neja da Hukumar Lantarki ta Nijeriya aka sami NEPA. Wannan haɗi ya yi tasirin da ba a cika lura da shi ba. Hukumar farko an kafa ta ne domin kogi da duk abin da ya rataya a kansa. NEPA kuwa aikinta wuta ne kawai. Daga nan al'amarin mutanen da aka tasa ya zama maraya, tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Su kansu yankunan sun yi ta sauya hannu: Borgu ta kasance a Jihar Kwara har 1991 da aka mayar da ita Jihar Neja, Yawuri kuwa ta bar Sakkwato ta shiga Kebbi a wannan shekara.

Manyan wayoyi suka ɗauki wutar zuwa Legas da Ibadan da Kaduna da Kano. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa sun sha daga cikinta. Amma ƙauyuka da yawa a bakin tafkin sun shafe shekaru suna kallon wayoyin suna wucewa ta kan gonakinsu, su kuwa suna kwana da aci-bal-bal. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Wutar ta ƙetare iyaka ma. Daga 1976 layin da ya bi ta Birnin Kebbi ya fara kai lantarki Yamai, kuma shekaru da dama mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Nijeriya take zuwa. Wannan ciniki yana da nasaba da kogin, domin baƙin ruwan da Kainji ke dogara da shi da rani ta Nijar yake biyowa, kuma duk madatsar da aka gina a can za ta taɓa shi. Farin shekarun 1970 da 1980 ya nuna haka ƙarara: a 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai, wutar Kainji ma ta ragu. A 2008 Nijar ta aza harsashin tata madatsar a Kandaji mai megawat 130, wadda ita ma ta ƙunshi tashin dubban mutane. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta yanke layin, sai a 2024 aka mayar. Waɗanda suka kwana a duhu a waɗannan watanni talakawa ne, da yawansu 'yan'uwanmu.

Doka ta zo a makare

Lokacin da aka gina Kainji babu dokar da ta tilasta a auna illar aiki ga muhalli kafin a fara. Bankin Duniya bai fitar da ƙa'idarsa ta farko a kan tashin jama'a ba sai 1980. Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, ta yi dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli a 1992. A 2000 wani kwamitin duniya a kan madatsu ya fitar da rahoto inda ya ce waɗanda aiki ya shafa, har da na ƙasan madatsa, ya kamata su kasance cikin masu cin moriyarsa na farko.

Bayan doguwar fafutikar sarakuna da 'yan majalisa da ƙungiyoyin yankin, a 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wato HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. Dokar ta tanadi kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar tashoshin. Gyaran 2018 ya rage shi zuwa kashi 10. Hukumar ba ta fara aiki sosai ba sai bayan shekara goma da sa hannu. Wato daga cikar tafki zuwa ranar da aka sami ofishin da mutumin Foge zai iya kai kukansa, an haura shekara hamsin. Jaririn da aka goya aka hau da shi tudu a 1968 ya yi jikoki.

A tsakanin nan, a 2013, gwamnati ta ba kamfanin Mainstream Energy Solutions hayar Kainji da Jebba ta shekara 30, a lokacin da injuna da dama suke kwance. An gyara wasu, wuta ta ƙaru. A 2023 kuma aka kammala madatsar Zungeru mai megawat 700, ita ma da nata tashin ƙauyuka da nata ƙorafin diyya. Ashe labarin bai ƙare ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba muna cewa da ba a gina Kainji ba. Ƙasa tana bukatar wuta, kuma wutar ruwa ta fi ta gas da dizal araha da tsabta. Abin da muke cewa shi ne alkawari kaya ne, kuma ba a sauke shi ranar yanka ƙyalle. Gida ana gina shi sau ɗaya a miƙa mabuɗi. Amma gargaɗi kafin a saki ruwa, da sakin ruwa a lokacin da fadama ke bukata, da asibitin tsargiya, da jirgi mai lafiya, da wuta a ƙauyen da ya ba da gonarsa, waɗannan sai an sami wanda zai tashi da su kowace shekara, da doka a bayansa, da kuɗi a hannunsa, da kuma jama'a masu tambayarsa.

A nan ne namu aikin yake. An yi rubutu mai yawa a kan Kainji. Farfesa Akin Mabogunje da abokan aikinsa sun tattara bincike a kan rayuwar mutanen yankin a farkon shekarun 1970, wasu masana na gida da na waje suka biyo baya. Amma kusan duk da Ingilishi ne, kuma yana ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i, inda jikan Bagunge ba zai kai gare shi ba. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da hulɗa a bakin tafkin, har ta kai wasu ƙananan harsunan yankin suna ja da baya a gabanta. Wannan ya ɗora mana nauyi biyu: mu kawo abin da masana suka gano cikin harshen da mutanen za su karanta, mu kuma rubuta abin da su mutanen suka sani, da sunayen wurarensu yadda suke faɗarsu da bakinsu.

Hausawa sun ce idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba mai musa masa. Waɗanda suka san tsohuwar Busa da idonsu, suka san inda kasuwa take da inda aka binne iyayensu, yau ƙaraminsu ya doshi saba'in. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman na Kebbi da Neja, da su ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana su nufi Yelwa da Wara da Shagunu da Sabuwar Busa. A tambayi sunan kowane ƙauye da ya nutse, da wanda ya sare shi, da abin da aka faɗa wa mutanensa ranar da aka zo tashinsu, da abin da suka gani daga baya. A rubuta da gaskiya, na daɗi da na ɗaci. Duk ƙauyen da za a ce ya tashi gobe domin wata sabuwar madatsa, yana da haƙƙin ya karanta yadda ta kaya da waɗanda suka riga shi. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.